Indiya ke da shanu amma Chaina ce ta cika ƙauyuka da bayogas

Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a majalisa bayan la'asar wani ɗan'uwa ya dawo daga cika silindar gas yana ta masifa kamar wanda aka yi wa fashi, wai kuɗin da a da yake cika ta taf yanzu ko rabi baya kaiwa, daga nan hira ta gangaro kan bayogas, wato gas ɗin girkin nan da ake samu daga kashin dabbobi. Sai wani a cikinmu, mutumin kirki ne wlh amma tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce bai san abu ba, ya buga ƙirji ya ce ai duk duniya babu kamar Indiya a wannan harkar tunda su ke da shanu kuma ko yanka su basa yi. Na ce masa Malam kayi haƙuri, Chaina ta ninka su kusan sau takwas. Ya ce kawo hujja. Kafin in buɗe baki aka kira magariba kowa ya watse, toh shi ne na ce bari in zauna in rubuta, dama abin ya daɗe yana cina.

Ni dai farkon ganina da abin a Indiyar ne, a 2015 lokacin ina karatu a can. An yi hutun Diwali kowa ya tafi gida aka bar mu mu baƙi a hostal muna kallon bango, sai wani abokina ɗan ajinmu ya ce in bi shi ƙauyensu a jihar Uttar Pradesh. Gida ne na manoma, ɓauna uku irin baƙaƙen nan nasu na gida masu ba da madara da shanu biyu, duk a ɗaure a tsakar gida dare da rana. Da asuba na tashi zan yi alwala sai na tarar da mamansa ta riga kowa tashi, ta kwashe kashin daren kaf a wani ƙaton daro ta juye a wani ɗan kwarmin siminti, ta zuba ruwa daidai yawansa, ta sa hannu tsirara har gwiwar hannu tana damawa kamar mai dama kunu tana tsince ciyawa da tsakuwa tana yarwa, da ya yi sumul ta zare wani toshi ya sulale ƙasa. Gefe kuma wata ƙatuwar gangar ƙarfe ce a kife a cikin rami tana shawagi, abokina ya ce in lura da ita, da safe tana sama saboda gas ya cika ta cikin dare, in an gama girki sai ka ga ta nutse. Daga kanta aka ja tiyo har kicin. Mama ta wanke hannu ta kyasta ashana, wuta ta tashi shuɗiya shar ba hayaƙi ko kaɗan, ta ɗora shayi da madara.

Gaskiya sai da na shinshina kofin nan a ɓoye kafin na kai baki. Ba komai, shayi ne lafiyayye.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri bane. Tumbin saniya ne aka gina da bulo da siminti. Ka rufe kashi a inda iska bata shiga, ƙwayoyin halittar da dama suna cikinsa su ci gaba da cinsa suna fitar da iska, fiye da rabinta ita ce mai kamawa da wuta wadda masana ke kira metan, sauran yawanci iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi, da ɗan wani abu kaɗan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Lissafin da ake koyarwa a can shi ne kilo 25 na ɗanyen kashin saniya yana ba da kubik mita ɗaya na gas, wato lita dubu, gida mai mutum biyar zuwa shida kuma yana buƙatar kamar biyu a rana, kaga kenan kilo 50 na kashi da lita 50 na ruwa kullum ta Allah, ba Juma'a ba sallah. Abin da ya fito ta ɗaya gefen bayan kwana arba'in ko fiye taki ne mai kyau, har ya fi ɗanyen kashin karɓar gona. Yana son zafi, wajen digiri 35 yake fi ba da gas, in sanyi ya yi yawa sai ya yi lakwas. Ku riƙe maganar tumbin nan, don duk gardamar a kanta take.

In maganar wa ya fara tsara abin don manomi ne, Indiya ba ta da abin kunya. Wani injiniya Jashbhai Patel shi ya ƙera samfurin gangar ƙarfen nan tun farkon shekarun 1950, hukumar raya sana'o'in ƙauye ta KVIC ta ɗauke shi a farkon shekarun 1960 ta yaɗa, har yau da sunanta ake kiransa, su kuma mutanen gari gobar gas suke cewa, gobar shi ne kashin shanu a Hindi. Matsalar gangar ita ce tsada, ƙarfe ne, sai an kai wa mai walda a gari an ɗauko a mota, ga tsatsa, in ba ka mata fenti duk shekara ba ta huje maka. Kaga kenan sai mai hali, mai shanu huɗu biyar da ɗan rufin asiri. Da tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza duniya gwamnati ta ƙara ƙaimi, a 1981 zuwa 1982 aka kafa babban shirin ƙasa da tallafin kuɗi, a 1984 kuma wata ƙungiya AFPRO ta fito da samfurin Deenbandhu, ma'anarsa aminin talaka, duk da bulo ake gina shi kamar ƙwarya biyu an kife ɗaya kan ɗaya a binne a ƙasa, ba ƙarfe, kuɗin ya sauko sosai. Daga nan Indiya ta riƙa tafiyar hawainiya, dubu ɗari da 'yan kai duk shekara, ba ta gudu ba ta tsaya, har aka kai wajen miliyan 5 a 'yan shekarun nan. Ƙasar da ƙidayar dabbobi ta 2019 ta ce tana da shanu da ɓauna sama da miliyan 300 fa. Miliyan 5.

Ita Chaina tafiyarta daban, irin ta mai zuciya ce, in ta tashi sai ta kwashi gudu ta faɗi ta kuma tashi. Tun ƙarshen shekarun 1920 wani Luo Guorui ya yi kamfani a garin Shantou yana gina ramukan gas don kunna fitila a rage sayen kananzir daga waje, yaƙi ya zo ya kashe kasuwar. A 1958 zamanin shugabansu Mao aka yi gangami kowa ya haƙa, aka haƙa barkatai ba ƙwarewa, kusan duk suka mutu. A shekarun 1970 aka sake tashi, wannan karon daga lardin Sichuwan inda mutane suka yi yawa itace ya ƙare har karan hatsi da ya kamata ya koma gona ake ƙonawa, kafin 1970 ɗin su ƙare an gina wajen miliyan 7. Amma da ƙasa da farar ƙasa da yashi aka yi yawancinsu don siminti ya yi wuya, suka riƙa tsagewa gas na zurarewa, cikin 'yan shekaru adadin ya zube zuwa wajen miliyan 4. Abin da ya burge ni shi ne basu ce abin ba ya yi ba, a 1979 suka kafa cibiyar bincike ta bayogas a Chengdu, suka tsaida ma'auni ɗaya na gini, suka horar da magina na musamman masu takardar shaida, har 'yan Afirka suna zuwa kwas a can. Ita kanta Indiyar samfurin Janata da ta fitar a 1978 daga ginin Chaina mai rufin tulluwa ta kwaikwayo shi, shi ya haifi Deenbandhu daga baya. Wannan ne nake so mutumina na majalisa ya ji da kyau.

Sai 2003, nan ne aka yi musu fintinkau. Gwamnatin Chaina ta fara zuba kuɗin lamuni na ƙasa a harkar, yuwan biliyan ɗaya a shekara da farko daga baya aka ninninka, kuma ba rami kawai ake ba ka ba, tsarin shi ne rami ɗaya gyara uku, a gyara maka bandaki da garken aladu da kicin duk a haɗa su da ramin. A kudu suka haɗa alade da gas da gonar lemo, takin ya tafi gindin bishiya. A arewa inda sanyi ke daskarar da ruwa, irin su Liaoning, suka sa ramin da aladun da bandakin duk a cikin rumfar leda ta noman kayan lambu don ɗumi ya riƙe gas ɗin. Cikin shekara takwas kacal, wajen 2011, gidaje masu bayogas suka haura miliyan 40. Lissafin da ake yawan kawowa na wancan lokacin shi ne Chaina na samar da gas wajen kubik mita biliyan 15 a shekara, Indiya wajen biliyan 2.

Na san wani zai ce kai Malam aladu da bandaki, a'uzubillahi. Nima haka na ce. Amma a nan sirrin yake ko muna so ko bama so. Alade a killace yake, inda ya ci nan zai yi kashi, da ɗan gangare da bokitin ruwa ya shige rami ba wanda ya ɗauka a ka, ga na mutanen gida yana shiga kullum da kansa, su kuma manoman Chaina shekaru aru-aru suna kai bayan gida gona basa ƙyamarsa. A Indiya kuwa mutane da yawa ko a mafarki ba za su dafa abinci da gas ɗin bandaki ba, maganar tsarki ce da ta asali a wajensu, duk da ƙungiyar Sulabh ta Bindeshwar Pathak ta yi ƙoƙarin haɗa bandakunan jama'a da bayogas. Sannan kashin shanun ma yana da masu nema, mata suna maƙa shi a bango kamar waina ya bushe su yi wuta da shi kyauta, duk ƙauyen da ka shiga za ka ga an jera shi tuli-tuli, ga shafe daɓe da shi, ga taki. Kuma talakan da ke da saniya ɗaya ko biyu kashinsa ba zai ciyar da rami ba. Yawan shanun ƙasa daban, shanun da ke ɗaure a gida ɗaya kusa da ruwa daban.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Da na dawo gida a 2017 kaina ya ɗau zafi, na tasa Baba a gaba da zane a takarda, na ce Baba muna da shanu goma sha biyu, wallahi Umma ta gama sayen itace da gawayi. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Injiniya, shanun ne za su riƙa dawowa gida su yi kashi in ya matse su, ko kai ne za ka riƙa bin su daji da kwano?" Na yi dariya na ce na dare ma ya isa. Ya ce toh Allah ya taimaka, ya bani wuri a gona. Na samo magini, mutum ne da ya iya ginin ɗaki tsaf amma bai taɓa ginin da zai riƙe iska ba, ya yi wa tulluwar filasta irin ta bango, na biya. Wata biyu muna zuba kashi, wuta ta kama kuwa, ranar har bidiyo na yi na tura wa kowa, minti ashirin ta mutu. Muka shafa ruwan omo a saman ginin sai kumfa ta ko'ina, yoyo. Aka fasa aka sake. Kafin a gama gyara kaka ta wuce, Bafulatanin da ke mana kiwo ya ce Alhaji ciyawa ta ƙare za mu yi kudu, shanu suka tafi sai damina. Rijiyar gonar kuma tun watan uku ta ƙafe, ga ni ina sayen jarka biyu wajen 'yan garuwa kullum don in jiƙa kashin da na roƙo a maƙwabta. Umma kuwa dama tun farko ta ce, "Ni dai ba da tuwona ba." Yanzu ramin yana nan, yaron gona ya rufe bakinsa da kwano kada akuya ta faɗa.

Toh shi ya sa in na ga wani jadawalin yawan ramukan bayogas da ake yawo da shi, layin Chaina ya harba sama kamar roka na Indiya yana rarrafe a ƙasa, nake cewa a bi a hankali. Yawancin alƙaluman nan ramukan da aka gina ake ƙirgawa, ba wutar da ta kama ba. Ramina ma in da gwamnati ce ta biya yana cikin lissafi har yau.

Kuma abin da ya faru da Chaina kenan. Daidai lokacin da ake ta murnar miliyan 40 ƙauyukan suna zubewa, a 2011 ne karon farko mazauna birni suka fi mazauna ƙauye yawa a ƙasar, matasa sun tafi masana'antu an bar tsofaffi da jikoki, wa zai kwashe rami duk shekara, wa zai gyara bututu in ya toshe. Kiwon aladu biyu uku a bayan gida ya riƙa mutuwa manyan gonaki suka karɓe, cutar aladu da ta shigo a watan Agustan 2018 ta ƙarasa na ƙananan masu kiwo. Ga lantarki ya kai ko'ina, tukunyar shinkafa ta lantarki danna maɓalli ce kawai, ga silinda. Masu binciken Chaina da kansu sun sha rubuta cewa kaso mai yawa na ramukan nan an yi watsi da su ko ana amfani da su jefi-jefi. Daga wajen 2015 gwamnati ta janye hannu daga na gida-gida ta maida kuɗin kan manyan tashoshi a gefen manyan gonakin dabbobi, adadin na gidaje ya fara sauka kuma bai daina ba. Tumbi ne, aka daina ba shi abinci.

Indiya ma ba ta tsira ba, nata kishiyar gwamnati ce da kanta ta kawo. A watan Mayun 2016 firaminista Modi ya ƙaddamar da shirin Ujjwala a Ballia, nan Uttar Pradesh ɗin, ana ba matan talakawa rajistar gas na silinda ba tare da kuɗin ajiya ba, yanzu sun haura miliyan 100. Ka kwatanta, shekara sittin ana fama an samu miliyan 5 na bayogas, shekara takwas silinda ta shiga gida miliyan 100. Ban ga laifin matan ba wlh, na ga hannun mamar abokina da asuba cikin sanyi.

Yanzu duka biyun sun koma wasan manya, a tace gas ɗin a cire dattin iskar ya zama kamar gas ɗin mota a matsa shi a silinda ko a tura bututu. Indiya ta sanar da shirin SATAT a Oktoban 2018 da burin tashoshi 5,000 kafin 2024, lokacin ya zo ko kashi ɗaya cikin goma ba a kai ba, wannan kam mun san irinsa a gida ba sai an mana bayani ba. Amma akwai wadda ta tsaya da ƙafarta, ta birnin Indor da aka buɗe a Fabrairun 2022, an gina ta don cin tan 550 na jiƙaƙƙen sharar gari a rana, kuma dalilin da yasa take samun abinci shi ne mutanen Indor sun saba ware shara tun daga gida, ragowar abinci daban leda daban, shekara da shekaru su ke cin kambun birni mafi tsafta a ƙasar. Kaga ko a nan ma magana ta dawo kan wa zai ciyar da tumbi kullum. Duk sanda na bi ta kwata na ga tulin abin da ake fitarwa daga tumbin shanu yana tsiyaya a kwalbati, ko na ga tumatir da kabeji suna ruɓewa a kasuwar 'yan kaba, Indor nake tunawa ba ramina ba.

Saboda haka Malam na majalisa, in ƙidaya ce Chaina ta ci, da tazara mai nisa, tun shekarun 1970 take gaba kuma har yau ita ce a gaba. Inda zan ba ka gaskiya shi ne na Indiya bai yi irin hawa da faɗuwar nan ba.

Da zan rubuta wannan na yi wa abokin nawa magana a WhatsApp, yanzu yana aiki a Pune, na ce ya gangar Mama, tana nan tana shawagi? Ya turo min hoto. Ta nutse gefe ɗaya ta yi ja da tsatsa, an shanya barkono a kanta. Ya ce tun da ƙannensa mata suka yi aure ba mai taya ta, gwiwa ta matsa mata, an sayar da ɓauna biyu, ta samu silinda a 2017 ta huta. Na ce toh alhamdulillah. Ya ce tsaya, a 2022 da kuɗin cika silinda ya haura rufi 1,000 na kuɗinsu sai ta ajiye ta don shayin baƙi kawai, ta koma maƙa kashi a bango tana girki da shi a murhu, hayaƙi har yana sa ta tari, shi ne yanzu yake tura mata kuɗin gas duk wata kuma yana kiran maƙwabciya ya tambaya ko da gaske an cika.